Ido Ya Yi Rawaya, Jiki Da Zafi: Jagorar Gano Maleriya Da Ciwon Hanta A Jiki Guda

Kuskure iri biyu sababbin ma'aikatan lafiya suke ta maimaitawa a ƙananan asibitocin Alhilla Kuku da Haj Yusuf da sauran unguwannin gabashin Nilu, kuma ko an ƙetara kogi zuwa Umdurman duk kanwar ja ce. Na farko, majiyyaci ya zo da zazzaɓi da rawayar ido, a ɗiga jininsa a katin gwaji, layi biyu su fito, shi ke nan sai a ce maleriya ce, a miƙa masa magani a sallame shi. Na biyu kishiyar wannan ne: a ga ido ya yi rawaya a ce shawara ce, gwajin HBsAg ya nuna akwai, a ce masa ya je gida ya huta ya rage cin mai, alhali ƙwayar falsifarum tana can tana farfasa masa jini. Na farkon akan dawo da shi bayan 'yan kwanaki yana sambatu, hanta ta gaza. Na biyun sau da yawa ba a dawowa da shi.

Saboda ku na rubuta wannan, ƙannena masu taimakon likita da ma'aikatan ɗakin gwaji da 'yan jinya da kuka fara aiki kwanan nan. Samun cuta ɗaya a jini ba ya kore ta biyu, kuma don gwaji ya nuna abu, ba lallai abin nan ne ya kwantar da mutum ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Wurinmu ya fi wurare da yawa haɗa cututtukan biyu. Alhilla Kuku unguwar shanu ce da madara, kuma magudanan da ke shayar da gonakin ciyawa, da ruwan da ke kwanciya a bakin garke, suna riƙe sauro rani da damina. Shirin kawar da maleriya daga jihar Hartum da aka soma a 2002 ya rage cutar ƙwarai, har yaran birni da dama suka girma ba su da irin garkuwar da mutumin karkara ke samu saboda yawan kamuwa. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Feshi ya tsaya, tashar ruwan Bahri ta tsaya, mutane suka koma ga ruwan kogi da na duro a amalanken jaki, wanda shi ne hanyar ciwon hanta nau'in A da nau'in E. Waɗanda suka yi hijira zuwa Jazira da Sinnar da Gadarif suna dawowa da abin da suka ɗauko a can. Nau'in B kuwa ya daɗe a cikin jama'a, yana zaune shiru a jinin mutane masu tafiya da ƙafafunsu.

KAYAN AIKI

- Katin gwajin maleriya na gaggawa, mai layin falsifarum da layin bibaks.
- Madubin likita mai kyau, gilasan shafa jini, rinin Giemsa, metanol, da ruwan sirki mai pH 7.2.
- Katin HBsAg da na anti-HCV. In da hali, IgM na nau'in A, na E, da IgM anti-HBc.
- Na'urar awon suga da tsinkayenta, tsinken gwajin fitsari, da na gwajin ciki.
- Kwalaben jini uku: ta EDTA, da mai jan murfi, da ta sitiret mai shuɗin murfi.
- Safar hannu, akwatin zubar da allura, da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100.
- Artesunet na allura da ruwan gulukos, a inda hannu zai kai gare su ba sai an nemo mai mukulli ba.
- Sikeli, domin maganin maleriya da nauyin jiki ake auna shi, ba da ido ba.

Katunan gwaji ba sa son zafi. Da yawansu an rubuta a jikin kwalin kada su wuce digiri 30, wasu 40, kuma kun san abin da ɗakin kwano yake zama a watan Mayu a Hartum. A ajiye su ƙasa-ƙasa, a inuwa, kusa da randa. Katin da ya dahu a shago yakan ba da amsar ƙarya ba tare da wata alama ba.

1. FARA DA TAMBAYAR KO ZAI IYA JIRAN SAKAMAKO

Kafin takarda, kafin kuɗin gwaji, dubi mutumin. Ya suma ko ya rikice? Yana jijjiga? Numfashinsa ya yi zurfi da sauri? Ba ya iya zama ko haɗiye ruwa? Fitsarinsa ya ragu ko ya yi baƙi? Jini na fita ta dasashi ko hanci ko bayan gida? Tafin hannunsa ya yi fari fat? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a ajiye layin jira gefe.

Auna suga nan take. Dalili shi ne cututtukan biyu kowace tana zubar da shi ta hanyarta: ƙwayar maleriya tana cinye gulukos, hantar da ta gaza kuma ba ta iya fitar da wanda ta adana. Ƙasa da 40 mg/dL alamar tsanani ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma kada ka tsaya sai ya kai nan. Mutum a rikice, suga ƙasa da 60, ba shi gulukos. Sannan ka ɗebi jini, ka yi masa allurar artesunet in kati ya nuna maleriya ko kuma gwaji zai ɗau lokaci: miligiram 2.4 ga kowane kilo, a maimaita bayan awa 12 da awa 24. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ga kilo. Wasu suna noƙewa wai kada magani ya ƙara wa hanta nauyi. Rawayar ido ba ta hana artesunet. Falsifarum tana iya kashe mutum kafin sakamakon hanta ya dawo daga birni.

2. TAMBAYA, KUMA A NUTSE

Rabin aikin a nan yake, kuma a nan aka fi gaggawa. Tambaya mafi amfani ita ce ta jerin abubuwa: wanne ya riga wanne? A ciwon hanta na ƙwayar bairos, mutum yakan yi kwanaki ba ya son abinci, zuciya na tashi, mai shan taba ya ji ta fita daga ransa, fitsari ya yi duhu, sannan ido ya yi rawaya, kuma yawanci da rawaya ta fito zazzaɓin sai ya lafa. A maleriya zazzaɓi ne ke ja gaba, da rawar sanyi da gumi da ciwon kai, kuma ba ya sauka don ido ya canza. To idan ka ji labarin mako guda na ƙin abinci da duhun fitsari, ga kuma zazzaɓi mai zafi da bai sauka ba bayan rawaya ta bayyana, ka sa a ranka mai yiwuwa abu biyu ne.

Ka yi lissafin kwanaki. Falsifarum tana bayyana bayan mako ɗaya zuwa biyu da cizon sauro. Nau'in A yana ɗaukar kwana 15 zuwa 50, nau'in E mako 2 zuwa 10, nau'in B wata ɗaya zuwa shida. Wanda ya dawo daga Gadarif kwana goma da suka wuce, mai yiwuwa maleriyarsa ta can ce, amma ruwan da ya ba shi ciwon hanta wataƙila ya sha shi tun wata guda kafin ya taso.

Tambayi ruwan da suke sha, da ko akwai wani a gidan ko a layin da idonsa ya yi rawaya. Mutum biyu ko uku a gida ɗaya, ka tuna da A da E. Sannan hanyoyin jini: askin wanzami da aska ɗaya, ƙaho, tsaga, sakiya, kaciya, cirar haƙori, allurar da ake yi a gida, ƙarin jini bayan rauni ko haihuwa, wankin ƙoda. Ka yi tambayar da ladabi. “Baba, ko an yi maka ƙaho ko sakiya a 'yan watannin nan?” ya fi buɗe baki a kan a ce masa me ya kai shi wurin wanzami. Haka batun jiƙe-jiƙe. Mutanenmu suna shan rawaya da bagaruwa da sauran sassaƙe idan shawara ta kama su. In ka fara da faɗa, za a ɓoye maka, kai kuwa kana buƙatar sanin me aka sha, nawa, tun yaushe. Tambayi farasitamol ƙwaya nawa a wuni, har da wanda ke cikin maganin mura. Tambayi maganin tarin fuka, domin yana taɓa hanta. Tambayi ko ya riga ya sha maganin maleriya daga kemis, domin ƙwaya biyu sun isa su ɓoye cutar daga madubi ba su kashe ta ba.

Abu biyu da ba na bari su wuce a wannan unguwa: ɗanyar madara da sikila. Mai aikin garke ko mai shan madarar da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da cutar burusela, mai kawo dogon zazzaɓi da ciwon baya da kumburin hanta. Mai sikila kuma idonsa da ɗan rawaya tun asali, maleriya ce ke ƙara masa ita. Kowace mace da ta isa haihuwa, a tambaye ta rabonta da al'ada, a kuma yi gwajin ciki ko da ta ce babu.

3. DUBA DA IDO DA HANNU

A fita da shi hasken rana, domin fitilar ɗaki tana yaudara. Manya da yawa farin idonsu ya dishe saboda ƙura da rana, don haka ɗaga fatar ido ta sama yana kallon ƙasa, ka duba kuma ƙarƙashin harshe. Rawaya mai haske-haske tare da farin tafin hannu tana nuna fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Rawaya mai duhu har ta yi kore-kore, da ƙaiƙayin jiki da kashi mai fari-fari, daga hanta take ko hanyar matsarmama.

Lalubi hanta da saifa, ka ƙwanƙwasa ka gane iyakar hanta sama da ƙasa, ka sa alama da biro a fata. Gobe ka sake aunawa. A maleriya hanta da saifa sukan kumbura su tsaya a kumbure. Hantar da take ƙanƙancewa kullum, mai ita yana ƙara rikicewa, wannan hanta ce da ke mutuwa, kuma sabon ma'aikaci yakan ɗauka sauƙi ne don kumburi ya ragu. Ka sa ya miƙe hannuwa, ya ɗaga tafuka sama, yatsu a buɗe. In tafukan suna faɗuwa suna tashi, gubar hanta ta fara taɓa ƙwaƙwalwa. Tambayi masu jinya ko yana barcin rana ya kwana ido biyu. Ruwa a ciki, kumburin ƙafa, jijiyoyin da suka fito a fatar ciki, rama, duk suna gaya maka hantar ta daɗe da ciwo kafin wannan zazzaɓi. Mutumin Jazira mai ƙatuwar saifa da tarihin aman jini, ka tuna da bilharziyar hanji, wadda ke taurara hanta ba tare da yawan rawaya ba.

4. ƊIBAR JINI

Ka ɗiba sau ɗaya, ya ishi dukkan gwaje-gwajen. Kada ka mayar wa allura murfinta da hannu biyu. Idan allurar mai nau'in B mai yawan ƙwaya ta soki wanda ba shi da rigakafi, haɗarin kamuwa yana kaiwa kusan kashi 30 cikin 100, alhali na ƙanjamau bai wuce 0.3 ba, kuma ƙwayar B tana rayuwa a busasshen jini a kan tebur har mako guda. Wanda bai karɓi allurar rigakafinsa uku ba, ta farko da ta wata ɗaya da ta wata shida, bai kamata ya zauna a kan bencin gwaji ba.

Kada ka matsa jini da ƙarfi ta siririyar allura zuwa cikin kwalba. Ƙwayoyin za su fashe, AST da LDH da fotasiyam su hau na ƙarya, ka zo kana zargin hanta da laifin hannunka. Hasken rana yana lalata bilirubin, saboda haka a naɗe kwalbar in za a aika da ita nesa. Kwalbar sitiret a cika ta daidai layi, in ba haka ba INR ɗin da za ta bayar ba abin dogaro ba ne. Ka ware ɗan ruwan jini ka adana a sanyi da suna da kwanan wata. Shi za a nema in daga baya aka buƙaci gwajin E ko dengi.

5. NEMAN MALERIYA: KATI DA MADUBI, BA ƊAYA KAƊAI BA

Kati yana da sauri, amma yana da ramuka huɗu. Layin falsifarum yana gano wani sinadari ne mai suna HRP2, wanda ke zama a jini makonni bayan an warke. Wanda ya yi maleriya mako uku da suka wuce, yau ya zo da ciwon hanta nau'in E, katinsa zai nuna layi biyu, kuma wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Na biyu, akwai falsifarum da ta daina ƙera HRP2 ɗungurungum. Wannan ya sa Eritiriya ta sauya katunanta a 2016, an kuma same ta a Habasha da Jibuti da nan Sudan, don haka kati ya ce babu bai rufe magana ba. Na uku, idan ƙwaya ta yi yawa fiye da kima, layin yakan fito dishi-dishi ko ya ƙi fita. Na huɗu, kati ba ya ƙirga ƙwaya. A karanta shi a lokacin da aka rubuta a takardarsa, yawanci minti 15 zuwa 20, kuma kada a ari ruwan wani kamfani a ɗiga a katin wani.

Madubi ne alƙali. Yi shafi mai kauri da shafi siriri. Siririn kaɗai ake kafewa da metanol. In metanol ya taɓa mai kaurin, jajayen ƙwayoyi ba za su narke ba, ba za ka ga komai ba. Rinin Giemsa mai ƙarfin kashi 10 yana ɗaukar kimanin minti 10, mai kashi 3 kuma minti 45 zuwa 60, kuma ya fi fitar da hoto. Ruwan famfo ko na duro ba ya maye gurbin ruwan pH 7.2. Kada ka rubuta babu sai ka duba aƙalla fage 100. In babu ɗin ne amma zato yana nan, a maimaita bayan awa 12 zuwa 24, har sau uku, domin manyan ƙwayoyin falsifarum suna maƙalewa a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da hanta da mabiyiya, ba kullum suke yawo a jinin yatsa ba.

Ka daina rubuta alamar tarawa ɗaya ko biyu ko uku, ka ƙirga. Ƙirga ƙwayoyin cuta a gefen fararen ƙwayoyin jini 200, ka ninka da 8,000, ka raba da 200. Misali, ƙwaya 640 ta zama 25,600 a kowace maikurolita. Amfanin wannan adadi babba ne: a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, rawayar ido tana zama alamar maleriya mai tsanani ne idan bilirubin ya haura 3 mg/dL kuma ƙwayoyi sun haura 100,000. To idan ka samu bilirubin 14 da ƙwaya 800 kacal a jinin babban mutum ɗan Sinnar, lissafi bai tashi ba. Maleriyar gaskiya ce, a yi maganinta, amma da wuya a ce ita ta rina masa ido haka. Rubuta nau'in ƙwayar kuma, domin ko da yake falsifarum ce mafi rinjaye a Sudan, akwai bibaks, musamman daga gabas, kuma tana ɓuya a hanta ta dawo bayan watanni.

6. KARANTA GWAJIN HANTA

Kada ka nemi jimlar bilirubin kaɗai. Nemi a raba maka wanda hanta ta sarrafa da wanda ba ta sarrafa ba. Idan jajayen ƙwayoyi ne ke fashewa, wanda ba a sarrafa ba ne ke rinjaye, himoglobin ya faɗi, LDH ya hau, filatilet su ragu, AST ya ɗan fi ALT, amma duka biyun ba su cika wuce ninki biyu ko uku na iyaka ba. Tsinken fitsari ma yana taimakawa a inda babu injin: bilirubin da ba a sarrafa ba ba ya fita a fitsari, saboda haka in tsinke ya nuna bilirubin, hanta ko hanyar matsarmama na da hannu.

Maleriya mai tsanani ita ma tana taɓa hanta kai tsaye, ALT ya kai ɗaruruwa, bilirubin da aka sarrafa ya hau. Amma da wuya ta kai ALT dubu, kuma da wuya ta lalata daskarewar jini sosai. Ciwon hanta na bairos kuwa yakan kai ALT sama da 1,000, ya zarce AST, filatilet da himoglobin suna nan kusan daidai. Idan ka ga tsarin biyu a takarda ɗaya, ALT ya haura dubu, ga himoglobin ya faɗi, ga filatilet sun zube, ga ƙwaya a madubi, to ka ɗauka baƙi biyu ne a gidan har sai an tabbatar da akasin haka.

A wajena INR ya fi ALT muhimmanci. ALT yana faɗin yawan ɓarnar da ake yi, INR yana faɗin abin da ya rage na aikin hanta. INR 1.5 ko fiye, tare da rikicewar hankali, gazawar hanta ce ta gaggawa. ALT da ke sauka alhali INR da bilirubin suna hawa, ba sauƙi ba ne, ƙwayoyin hantar ne suka kusa ƙarewa. A haɗa da kiriyatinin, domin ƙoda tana faɗuwa a cututtukan biyu.

7. WANE NAU'I NE, KUMA SABO NE KO TSOHO

HBsAg yana faɗa maka akwai ƙwayar B a jini, ba ya faɗa maka yaushe ta shiga. A ƙasar da masu ɗauke da ita suke da yawa, mafi yawan waɗanda za ka samu da maleriya da HBsAg tare, tsofaffin masu ɗauke da ita ne tun ƙuruciya, maleriya ce ta kawo su. IgM anti-HBc ne ke nuna sabon kamu, ko da yake yakan ɗan fito idan tsohon ciwo ya motsa. Abin da ke yanke hukunci shi ne a sake HBsAg bayan wata shida. Mai B da ya rikice fiye da yadda ake zato, a tuna da nau'in D da ke hawa kan B, ko kuma E ya same shi a kan tsohuwar hanta.

Anti-HCV yana nuna an taɓa haɗuwa da ƙwayar C ne kawai. Sai gwajin RNA ya tabbatar tana nan. Kuma C ba ta cika kawo rawayar gaggawa ba, don haka kada ka ɗora mata laifi ka daina nema. Ga A da E, IgM ake nema, ba IgG ba, domin kusan duk babban da ya tashi a nan ya riga ya yi A yana yaro. A lura kuma, maleriya tana tayar da garkuwar jiki ta yi ta zubo sinadarai barkatai, har kati ya nuna siririn layin ƙarya. Sakamako mai rauni da aka samu cikin zazzaɓi, a sake shi bayan an warke kafin a gaya wa mutum maganar da za ta shafi aurensa.

8. MAI JUNA BIYU

Ita ba a jira da ita. A sansanin Mornai na Darfur ta Yamma a 2004, an ƙirga mutum 2,621 da nau'in E ya kama cikin wata shida, 45 suka rasu, 19 daga cikinsu mata ne masu ciki. An sake ganin irin wannan a Diffa ta Nijar a 2017. A watanni ukun ƙarshe na ciki, E yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da ya kama. Ga shi maleriya tana ɓuya a mabiyiya, tana zubar da suga, musamman in an ba da kwinin. Auna hawan jini da furotin a fitsari, domin rikicin hawan jini na ciki shi ma yana kawo rawaya da faɗuwar filatilet. Duk mai ciki da idonta ya yi rawaya, a ba ta allurar farko in akwai maleriya, a tura ta asibitin da ke da bankin jini a ranar, ko da tana tafiya da ƙafarta tana cewa ta ji sauƙi.

9. IN LISSAFI YA ƘI TASHI

Dengi ya shigo Hartum tun 2023, yana zubar da filatilet, yana tayar da AST. Akwai taifot, amma gwajin Widal guda ɗaya ba hujja ba ne, ko da yake an mayar da shi abokin tafiyar kowane gwajin maleriya. Akwai kala-azar ga wanda ya zauna a Gadarif, da zazzaɓin Rift Valley ga masu yanka da masu garke, da zazzaɓin shawara mai zubar da jini irin wanda ya kashe mutum 171 a Darfur a 2012. Ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da rawar sanyi, a nemi hoton ciki, ko ƙurji ne a hanta ko tsakuwa ta toshe hanyar matsarmama. Rawayar ido a mutane da yawa a unguwa ɗaya, a sanar da hukumar lafiya ta yankin.

10. MAGANI DA BIBIYA

Maleriya mara tsanani, artemeta-lumefantirin ne maganin farko a Sudan tun 2017, sau biyu a wuni na kwana uku, da ɗan abinci mai maiƙo ko madarar da aka tafasa, domin da maiƙo yake shiga jini. A nan al'adar hana mai shawara duk wani maiƙo takan rage ƙarfin magani, sai a yi wa iyali bayani. Mai amai ko mai alamar tsanani, allura. Farasitamol kada ya wuce giram 2 a wuni ga babba mai ciwon hanta. A guji asfirin da diklofenak da ibufurofen saboda zubar jini da ƙoda, a guji maganin barci ga wanda ya fara rikicewa. Firimakwin na bibaks a dakata da shi har hanta ta lafa kuma an gwada G6PD, ba a kuma ba mai ciki.

A sake duban madubi kullum ga wanda aka kwantar. Idan ƙwayoyi sun ɓace a kwana na uku, zazzaɓi ya sauka, bilirubin ya fara bin sa, to maleriya ce ta yi yawancin aikin. Idan ƙwayoyi sun ɓace amma rawaya tana ƙaruwa, koma mataki na 6 da na 7. Wanda aka yi wa allurar artesunet a auna himoglobin ɗinsa a mako na biyu da na uku, domin jini yakan sake fashewa a makare, ido ya sake rawaya, a ɗauka hanta ce.

Kada a lissafa APRI, ma'aunin taurin hanta, a lokacin maleriya. Da AST da filatilet ake haɗa shi, kuma maleriya ta riga ta karkatar da duka biyun. Sai an yi makonni da warkewa. Mai HBsAg a gwada matarsa ko mijinta da 'ya'ya da 'yan'uwan da suke ciki ɗaya, a yi wa marasa ita rigakafi. Allurar yara mai haɗe da rigakafin B, biyar a ɗaya, sai 2008 ta shigo Sudan, don haka manya da yawa ba su samu ba. Jaririn uwa mai B yana buƙatar allurarsa cikin awa 24 da haihuwa, domin tara cikin goma na jariran da suka kamu suna riƙe ƙwayar har girma. A gaya wa iyali B ba ta bin kwano ko gaisuwa, kada a ware masa akushi. Aska da reza da buroshi ne ba a tarayya. A da E su ne ke bin ruwa da hannu, sai a tafasa ruwa ko a sa masa kulorin.

In za ka tura majiyyaci babban asibiti a Bahri ko Umdurman, rubuta a takardarsa ranar da zazzaɓi ya fara da ranar da ido ya canza, adadin ƙwayoyi da nau'insu, suga na ƙarshe, faɗin hanta da ka auna, nauyinsa, da ƙarfe nawa aka yi masa artesunet, domin na can ya san lokacin allura ta biyu. Ka haɗa masa da gilashin jininsa a naɗe a takarda, ka kuma sa ɗan rakiya ya riƙe ruwan suga a hanya in majiyyacin yana iya haɗiya.